Turancin Yaya da Tankin Inna

Ni dai duk wanda ya shirya wa ma'aikatan kamfanin su Yaya bita, har ya ɗauko bature ya tsayar a gabansu, ban yafe masa ba. Yayana mutum ne da ko ba a ba shi komai ba bakinsa ba ya hutawa, balle a ce an zaunar da shi a ɗaki mai sanyi, an ba shi ruwan roba da biro, an kuma ɗora masa Turanci a kai. Aikinsa a kamfanin buɗe sito ne da rufewa, amma a layinmu Manaja ake kiransa, shi kuma yana amsawa ko kunya babu.

Abin da ya dawo da shi daga bitar shi ne "wan bai wan". Ni ma na ɗan taɓa makaranta, na san abin da ake nufi: ɗaya bayan ɗaya, wannan ya gama sannan wancan ya fara, kamar yadda ake shiga wurin likita. Da na faɗa masa haka sai ya dube ni kamar na zage shi.

"Auta, matsalarki kenan, saurin fassara. Ɗaya bayan ɗaya na masu layin burodi ne. Wan bai wan tsari ne. Da shi ake ƙera jirgin sama."

"To mene ne ma'anarsa, Yaya?"

"Ma'anarsa, in ana aiki mutum ɗaya ne kaɗai zai motsa. Sauran su tsaya, su kalla, su koya."

"Ɗaya bayan ɗaya kenan."

"Ki faɗe shi da Hausa ki gani ko akwai wanda zai ji tsoronki."

Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi. To amma akwai maganar tanki.

Ni da Inna muna zaune a hawa na sama na wani gidan haya mai hawa uku. Famfo ɗaya ne a gidan, a tsakar gida, ruwa kuma ba ya hawa sama sai a kan mutum. Kafin in tafi aiki nakan cika mana duro, amma Inna ba ta iya zama ta ga duro ya yi rabi. Ina juya baya za ta ɗauki bokiti ta sauka, da gwiwar nan tata da ko tashi daga kujera sai ta dafa bango. In na dawo in tarar da ita zaune a kan matakala tana haki, ta ce wai iska take sha. Abin nan yana ci mini rai ba kaɗan ba.

Mun daɗe muna roƙon mai gidan hayar, har dai ya gaji da ganin fuskata ya aiko da ƙaton tankin roba baƙi. Ya biyo bayansa da kansa don ya ja mana kunne, ya ce wannan ne na farko kuma shi ne na ƙarshe, kada ya sake jin maganar ruwa daga bakin kowa. Mai gyaran famfo ya zo ya ja bututu har rufin gida, ya kafa injin tura ruwa. Abin da ya rage kawai a ɗaga tankin zuwa rufi a haɗa, ya ce bayan hutun ƙarshen mako zai zo da yaransa su ɗaga. Tankin yana nan ajiye a bakin ƙofar gida daga ciki. Inna kan sauka musamman don ta shafa shi, ta ƙwanƙwasa ta ji ƙararsa, ta yi murmushi ita kaɗai.

Ranar Asabar da safe sai ga Yaya a kan babur, da hular kwano ruwan ɗorawa wadda ya aro daga sito, da usur rataye a wuya. Ya zagaya tankin yana gyaɗa kai.

"Wannan ne za a jira wani mai famfo a kansa? Yau Inna za ta yi wanka da ruwan sama, ba na girgije ba, na rufi."

"Yaya, mutumin ya ce a jira shi."

"Shi wace bita ya je?"

Na juya wurin Inna don ta tsawata masa. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Ƙyale shi, Auta, kada ki kunyata shi a gaban mutane." Ɗan fari kenan. Ko rufin ya ce zai sauko da shi ya haɗa da tankin a ƙasa, haka za ta ce.

Nan da nan ya tara ma'aikata. Akwai tela, wanda shagonsa ke hawa na ƙasa, siriri mai baƙar magana. Akwai mai aski na bakin titi, da direban da ke hawa na tsakiya shi da matarsa, sai mai shagon kayan masarufi, wanda cikinsa ke riga shi shiga ɗaki. Don Inna suka fito, babu wanda bai taɓa karɓar bokiti daga hannunta a matakala ba. Amma ba zan ɓoye ba, akwai son kallo a ciki.

Yaya ya jera su a rana, ya yi musu jawabi. Ya ce abin da ya hana mu ci gaba shi ne kowa ya kama aiki a lokaci guda kamar kaji sun ga tsaba. Ya ce yau za su ga yadda ake yi a ƙasashen da suka san ciwon kansu. Ya sa suka maimaita "wan bai wan" har sai da ya gamsu da lafazin mai shago. Sannan ya tura mai aski ya aro igiyoyi a wurin maginin da ke bayan layi.

Direba ya ce, "To bari ni kuma in ɗauko tsani kafin ya dawo."

Yaya ya busa usur. "Tsaya inda kake. Layin mai aski ne."

"Ai hanyarmu ba ɗaya ba ce, Manaja."

"Shi ya sa har yau kake tuƙa motar wani."

Suka tsaya cirko-cirko, rana tana dukansu. Can tela ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta.

"Manaja, in na sosa ƙeyata yanzu na karya tsari?"

"In ba ƙaiƙayin gaggawa ba ne, ka jira."

Mai aski ya dawo da igiya guda ɗaya tak, ya ajiye a gaban Yaya cikin ladabi. Yaya ya ce ina sauran, ai huɗu ake so. Mai aski ya ce suna can, shi dai ya ji an ce wan bai wan, bai so ya yi aikin jahilci. Yaya ya nuna masa ƙofa ya koma ya kawo sauran. Haka mai aski ya yi ta kai da komo, yana tafiya kamar mai tsoron taka ƙwai, yana tsayawa gaisawa da mutane a hanya. Kafin igiyoyi su cika, tsani ya iso, hantsi ya yi nisa, mai shago ya jiƙe sharkaf da gumi bai taɓa komai ba.

Sai matsar da tanki daga bakin ƙofa zuwa gindin bangon da za a ja shi ta nan. Ƙarti huɗu ne, da kowa ya kama gefe da tuni an wuce wurin. Yaya ya ce a kwantar da shi a mirgina, kowa ya tura nasa rabon. Abin da bai lura da shi ba, tsakar gidanmu gangare ne, an yi shi don ruwan sama ya riƙa fita ta ƙofa.

Mai shago ya fara. Ya tura, ya tura, yana nishi, har ya kai tsakiya. Yaya ya busa usur, ya ce layinsa ya ƙare, ya ɗauke hannu. Mai shago ya ɗauke. Direba ya matso zai tare, Yaya ya ɗaga masa yatsa, wai bai busa na farawa ba tukuna. Tanki dai bai jira usur ba. Ya juyo a hankali, ya bi ta kan bahon wankin matar direba, ya take shi kamar faranti, ya ƙara gudu, ya fice ta ƙofar gida. A titi ya kori wani mai tallar lemo, wanda ya watsar da tirensa ya haye baranda, sannan ya je ya tsaya da kansa a bakin kwata. Duk muka bi shi a guje, Yaya a bayanmu yana ihun wan bai wan, hularsa ta faɗi tana tata mirginawar.

Matar direba ta fito riƙe da bahon da ya koma kamar murfin tukunya. Mace ce da ba ta ɗaga murya, amma gara a mare ka da ta yi maka magana.

"Sannu da ƙoƙari, Manaja. Shi tankin ba a tafi da shi bitar ba ne?"

"Hajiya, kowane sabon tsari yana zuwa da 'yar asara."

"Haka ne. Sai dai na ga asarar ta san ƙofar da take bi, ba ta bi ta kan babur ɗinka ba."

Yayin da Yaya ke tsamo hularsa daga kwata, mazan suka haɗu suka ɗauki tankin cak, suka kai shi gindin bango suka tsayar. Ya dawo ya tarar an gama. Ya share hular da gefen riga ya ce, "Kun gani ko? Tsari ya fara shiga jikinku."

Aka ɗaure igiyoyi huɗu a wuyan tankin da ƙugunsa, aka hau sama. Daga barandarmu ake kafa tsani a fita rufi ta wata 'yar ƙofa. To a duk ranar, nan ne kaɗai wurin da Turancin Yaya ya dace, don tsanin katako ne, ya tsufa, mutum ɗaya ma da addu'a yake hawansa. Tela ya hau, mai aski ya hau, direba ya hau, kowa ya jira na gabansa ya ɓace. Da aka zo kan mai shago, Yaya ya ga ba ya ɗaga ƙafa yadda ya kamata, sai ya bi bayansa don ya nuna masa.

Na ce, "Yaya, wan bai wan fa."

"Mai duba aiki ba ya cikin lissafi."

Tsanin bai san da haka ba. Katakon da mai shago ya taka ya ce ƙaras, mai shago ya zamo ya zauna daram a kan hular kwanon Yaya. Na ji Yaya ya yi wani sauti kamar an taka kwaɗo. Da ƙyar direba da tela suka jawo mai shago ta sama, ni kuma na riƙe tsanin ta ƙasa. Yaya ya fito rufi wuyansa a karkace, ya ce ya yi haka ne da gangan don ya gwada ingancin hular.

Na bi su da butar ruwan sha, don na san in ban hau ba zuciyata ba za ta kwanta ba. Rufin shafaffe ne na siminti, da ɗan gajeren bango a gefe, da rodi tsirara-tsirara da magina suka bari. Aka jawo bakin igiyoyin sama. In ka leƙa ƙasa kana ganin tankin, kana ganin Inna a barandarmu ta dafa ƙarfe tana kallo.

Yaya ya bayyana tsari. Mutum ɗaya zai ja igiyarsa iya ƙarfinsa, ya ɗaure a rodi, ya koma gefe. Sai na gaba ya ja tasa.

Direba ya ce, "Manaja, na shekara ina loda kaya a mota. Abu mai igiya huɗu tare ake jansa, in ba haka ba karkacewa zai yi."

"Lodi daban, injiniyanci daban."

Tela ya fara ja. Tankin ya ɗaga gefe guda kamar kare zai yi fitsari. Mai aski ya ja, ya karkace ta ɗaya gefen. Haka ya riƙa hawa yana tangaɗi, in ya yi nan ya dawo ya bugi bango, ya yi can ya sake dawowa. Bugun farko ya sauke allon shagon tela, mai hoton almakashi. Tela ya leƙa ya ga allonsa a ƙasa, ya ce ba komai, dama ya gaji da samun masu kawo ɗinki.

Da aka zo daidai hawa na tsakiya, layin direba ne. Ya tattara ƙarfinsa ya fizga, don ya matsu a gama. Tankin ya yi baya, ya dawo da nauyinsa duka, sai muka ji ƙarar fashewar gilashi. Direba ya tsaya da igiya a hannu, ya rufe ido.

"Tagar wa ce?" in ji shi.

Amsa ta zo daga ƙasa, muryar matarsa a sanyaye. "Maigida, baƙo ya shigo ta tagar ɗakin kwana. In kawo masa ruwa ne?"

Zuwa lokacin titi ya cika. Masu wucewa sun tsaya, masu babura sun kashe inji, mata sun fito baranda a gidajen da ke fuskantarmu, mai lemo ma ya dawo yana ciniki a cikin taron. Yaya da ya ga jama'a sai ya manta da ciwon wuya. Ya hau kan wani bulo, ya gyara hula, ya fara yi musu bayani da ƙarfi. Ya ce abin da suke gani sunansa wan bai wan, ba a nan ƙasar aka ƙirƙiro shi ba. Ya ce ana amfani da shi a ofis, a asibiti, a filin jirgi, har a cikin gida, shi yanzu ko 'ya'yansa ba sa kuka tare. Ya ce duk mai son ƙarin bayani ya same shi bayan aiki.

Wani daga cikin taron ya ɗaga murya, "Malam, ku ja tare mana ku huta."

"Ka ji irinta ko?" Yaya ya ce da mu. "Shawarar 'yan kallo. Da sun iya, da su ne a sama."

Rana ta take tsaka. Tafin hannun tela ya sale, mai shago yana numfashi kamar injin niƙa. Amma duk da haukan, tankin yana hawa, ban san ta yaya ba. Ya wuce hawa na tsakiya, ya tafi da igiyar shanyar wani, ya iso daidai barandarmu da rigar yaro maƙale a wuyansa. Na leƙa na ga Inna ta miƙa hannu ta taɓa shi. Ta ɗago kai ta dube ni, fuskarta fal murna kamar yarinya. Wallahi a lokacin har na fara yafe wa Yaya.

Sai tankin ya maƙale. Rufin yana da leɓe da ya ɗan fito waje, kafaɗar tankin ta shige ƙarƙashinsa. Duk wanda ya ja tasa igiyar sai ya ƙara cusa shi ciki. Abin da ake bukata a bayyane yake ko ga makaho: mutum ɗaya ya tura shi waje da katako, sauran su ja a lokaci guda.

Direba ya share gumi ya ce, "Manaja, don darajar Inna. Sau ɗaya tak. Mu ja tare, ba wanda zai faɗa wa baturen."

Yaya ya dubi taron da ke ƙasa. Da babu kowa, ina jin da ya yarda. Amma ya riga ya yi jawabi.

"Matsalar ba tankin ba ne," in ji shi. "Igiyoyinku ne ke faɗa da juna. Huɗu a lokaci guda, ina tsari a nan? Ku kwance uku, ku bar mini ɗaya. Yanzu layina ne."

"Yaya, ka rufa mana asiri," na ce. "Tun safe ko bokiti ba ka ɗaga ba."

"Auta, in maza suna aiki ki riƙa zuba ruwa."

Ya karɓi igiyar tela, ya kwance ta daga rodi, ya naɗe ta a ƙugunsa ya ƙulle tam, wai haka masu hawa dutse ke yi. Ya tofa yawu a tafin hannu. Ya ɗaga wa jama'a hannu, wasu 'yan iska suka tafa masa.

Tela ya ce, "Manaja, tare za mu kwance ko yaya?"

"Har yanzu kana tambaya?"

Mai shago ya kwance tasa. Tankin ya ɗan nisa. Direba ya kwance tasa yana girgiza kai, igiyar ƙugun Yaya ta miƙe, na ga murmushinsa ya ragu. Mai aski ya durƙusa a gaban tasa, ya dubi Yaya, ya ce ko dai a bari. Yaya ya busa usur. Mai aski ya kwance.

Ban taɓa ganin mutum ya yi tafiya ba tare da ɗaga ƙafa ba sai ranar. Yaya ya zarce a kan siminti, takalmansa suna ƙara, ya je ya daki gajeren bangon da ciki, rabinsa na sama ya leƙa waje. Hula ta tafi, usur ya bi ta. Direba ya yi tsalle ya cafke ƙafafunsa. Tankin yana ja ta can, direba yana ja ta nan, wandon Yaya ya ga ba zai iya raba gardamar ba, ya zame ya bar shi da gajeren ciki mai zanen furanni, titi guda yana kallo.

Turanci ya gudu. Da Hausa tsantsa Yaya ya yi kururuwa, kansa a ƙasa, fuskarsa daidai barandar Inna.

"Ku kama ni duka! Tare, tare, don girman Allah!"

"Layin direba ne, Manaja," in ji tela. "Mu muna kallo muna koyo." Amma yana faɗa yana rungume cinyar Yaya, mai shago kuma ya kwanta a kan ɗaya ƙafar, ni na kama rigarsa.

Mun riƙe shi, amma ba mu iya jawo shi ba, igiyar kuma tana cin ƙugunsa, muryarsa ta fara shaƙewa. Sauran igiyoyin sun riga sun zube ƙasa. Daga baranda na ji muryar Inna, ba ta ko rawa.

"Ku yanke."

Mai aski ya dube ni. Na san abin da za a yanke, na san kuma ba za a sake kawo wani ba. Na ɗaga masa kai. Ya zaro aska daga aljihu, ya ɗora a kan igiyar.

Tankin ya sauka a kan ƙofar gida, daidai kan tsinin ƙarafunan da aka jera don ɓarayi. Ƙarar ta yi kamar an buga babbar ganga. Ya tsage tun daga wuya har gindi, ya buɗe gida biyu, rabi a cikin gida rabi a titi. Dariyar jama'a ta ɓarke tun daga wannan bakin layi har wancan.

Muka sauko. Yaya ne a ƙarshe, yana dafe da ƙugu, wandonsa kuma ya faɗa ta bayan ginin, ba wanda ya damu ya ɗauko. Mai gidan haya yana tsaye a bakin ƙofa, ashe tun ɗazu yana cikin 'yan kallo. Ya dubi tankin, ya dube mu, ya ce, "Ni dai na bayar, kun kuma karɓa." Ya juya ya tafi abinsa.

Ka ce Yaya zai yi shiru? Yana samun numfashi ya fara. Igiyar ba mai inganci ba ce. Ginin ma an yi shi ba bisa ƙa'ida ba. Ma'aikatan kuma ba su da Turanci, abin da aka koya a ɗaki mai sanyi ba a rana ɗaya yake shiga kan mai aski ba. Matar direba ta ce gaskiya ne, ita ma sai yanzu ta gane, baho, taga, tanki, ai ga shi nan komai ya tafi a kan tsari. Ni kuwa haushi ya sa na juya masa baya.

Yaya yana cikin bayanin ne muka ji ƙarar bokiti a matakala. Inna ce ke saukowa, hannu ɗaya a bango, ɗaya riƙe da bokitinta, tana sauke ƙafa mai ciwon a hankali. Ta ratsa ta cikinmu ba ta kalli tankin ba. Ta tara a famfo, ta tsaya har ya cika. 'Yan dariyar da ke bakin ƙofa suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Na matsa zan karɓa, ta girgiza mini kai.

Yaya ya taho da sauri ya kama hannun bokitin. "Inna, kawo in kai miki."

Ta dube shi tun daga sama har ƙasa. A iya sanina ba ta taɓa faɗa masa magana a gaban mutane ba.

"Sakar mini bokiti," in ji ta. "Ka gaji, tun safe kake magana. Je ka nemo wandonka."

Ya saki. Ta ɗaga bokitin ta nufi matakala, ruwa yana fantsama a zaninta. Muna tsaye muna jin takunta, tana hawa tana tsayawa, tana hawa tana tsayawa, Yaya kuma yana tsakiyar gida da gajeren wando, bakinsa a rufe.